Wane gwajin basira ya dace da yaron da ke Hausa a gida, Faransanci a aji?

A Garwa da Marwa da Kuseri na arewacin Kamaru, har zuwa Njamena ta Cadi, yawancin yaranmu suna tashi da Hausa a cikin gida, Fulatanci ko Larabcin Shuwa a bakin titi, karatun allo da asuba, sannan Faransanci a aji. Harshe huɗu ke nan a kan ɗan shekara bakwai. Idan ya maimaita aji sau ɗaya, a ce wasa ya yi masa yawa. Idan ya sake, malami ya kira uban ya ce, "Alhaji, yaron nan kansa ba ya ɗauka." Daga nan iyaye kan rabu biyu. Wasu su cire shi su kai gareji ko shagon ɗinki. Wasu kuma, musamman waɗanda suka yi boko, su shiga neman inda za a auna masa basira. Domin waɗannan na biyun nake rubutun nan. Gwaje-gwajen suna da yawa, kowanne da irin fahimtar da ya yi wa basira, kuma idan aka zaɓi wanda bai dace ba, za a iya rubuta wa lafiyayyen yaro takardar da za ta bi shi shekara da shekaru.

Ya kamata a fara sanin inda lambar da ake auna basira da ita ta samo asali. A 1904 ma'aikatar ilimi ta Faransa ta kafa kwamiti kan yaran da ba sa iya tafiya da sauran 'yan ajinsu. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da jerin tambayoyi da ƙananan ayyuka 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, don a gano yaron da ke bukatar ƙarin taimako. Binet kansa bai yarda cewa basira abu ce da aka yanke wa mutum, ba ta ƙaruwa ba. Bayansa William Stern, Bajamushe, ya kawo shawarar a taƙaita sakamakon a lamba guda a 1912, Lewis Terman na jami'ar Stanford ya gyara gwajin don Amurka a 1916, lambar ta bazu a duniya. Ita ce IQ a takardun Ingilishi, QI a na Faransanci.

Yadda ake fitar da ita a yau shi ne abin da ya fi shafar mu. Ana ba yara masu yawa gwajin a wata ƙasa, a rarraba su shekara-shekara, a mai da matsakaicin sakamakonsu 100. Kusan kashi 68 cikin ɗari na yaran sukan faɗa tsakanin 85 da 115, kimanin kashi 2 kuma ƙasa da 70. To idan aka ce ɗanka ya sami 80, abin nufi shi ne ga matsayinsa a cikin waɗancan yaran da aka yi awon farko da su. Wanda ya auna dawarsa da kwanon awon wata kasuwa, ya dawo yana cewa ta ragu, bai yi wa dawar adalci ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa duk mai gwaji ita ce: da yaran wace ƙasa za a kwatanta nawa?

Akwai kuma sabanin masana kan abin da ake aunawa. Charles Spearman, a Ingila, ya lura a 1904 cewa ɗalibin da ya yi kyau a darasi ɗaya yakan yi kyau a sauran, ya ce akwai wani ƙarfi guda da ke ƙarƙashinsu duka, ya sa masa harafin g. Fiye da shekara ɗari ana sake gwada wannan magana, tana nan ba ta faɗi ba. Raymond Cattell ya zo ya raba ƙarfin gida biyu: iya warware matsalar da mutum bai taɓa gani ba, da kuma ilimin da ya tara ta hanyar harshe da makaranta da zaman duniya. John Horn ya faɗaɗa rabon, John Carroll kuma a 1993 ya sake nazarin tarin bayanai sama da 460 ya fitar da tsari mai hawa uku, g a sama, manyan ɓangarori a tsakiya, ƙanana a ƙasa. A kan wannan tsari aka gina yawancin gwajin da ake yi yanzu. Rabon Cattell ɗin nan a riƙe shi da kyau, don shi ne zai raba mana gardama a gaba.

Gwajin da za a fi ambata maka shi ne WISC, na David Wechsler. Ya fara fitowa a 1949, bugu na biyar ya fito a Amurka a 2014, na Faransanci a 2016, kuma na yara ne daga shekara 6 zuwa 16. Ana yin sa ne ido da ido, mai gwaji da yaro a ɗaki ɗaya, sa'a guda ko fiye. Za a ba shi 'yan dunƙulayen katako masu ja da fari ya haɗa su su yi kama da zanen da ke gabansa, agogo na tafiya. Za a karanta masa lambobi ya maimaita, sannan ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Za a tambaye shi me ya haɗa abu kaza da abu kaza, me kalma kaza take nufi. Za a ba shi fensir ya yi ta kwafar alamomi a ƙarƙashin lambobi har minti biyu su cika. A ƙarshe ba lamba ɗaya kawai za a samu ba, za a sami maki biyar: fahimtar magana, fahimtar siffa da wuri, tunani kan sabuwar matsala, riƙe abu a ka ana aiki da shi, da saurin aiki.

Wannan rarrabewa ita ce darajarsa, kuma babu gwajin da zan ambata a nan da ya kai shi a wannan fanni. Yaro biyu za su iya samun jimla ɗaya, amma ɗaya tunaninsa garau ne, riƙon lambobi ne ke ba shi wuya, ɗayan kuma yana ganewa sarai, hannunsa ne ba shi da sauri. Taimakon da kowannensu ke bukata daban ne. Malamin da aka ba irin wannan rahoto ya san inda zai kama.

Amma fa ga inda yake cutar da namu. Bugun Faransanci da yaran Faransa aka daidaita shi, yaran da tun suna goye Faransanci suke ji. Ɗan unguwarmu da ya fara jin harshen ranar da aka kai shi ajin SIL, wato aji ɗaya na firamare, idan aka tambaye shi ma'anar kalma ya yi shiru, abin da aka gano shi ne yawan Faransancin da ya shiga kunnensa. Wannan ɓangaren Cattell na biyu ne, tarin ilimi, kuma tarin da aka yi a wani harshe. Ko maimaita lambobi ma aiki biyu ne a gare shi, ga riƙewa ga fassara. Sai batun agogo. Mu yaronmu tarbiyyar da ya samu ita ce kada ya yi gaggawar amsa wa babba, kada ya zuba masa ido, in bai tabbata ba ya yi shiru. Wannan ladabin da muke yabo a gida, a ɗakin gwaji maki yake ci masa. Wasu kan ce to a samo tafinta ya juya tambayoyin zuwa Hausa. Yana rage wahala, amma kalmar da ke da wuya a Faransanci tana iya zama ta yau da kullum a Hausa, kuma da zarar an sauya tambaya, teburin makin da ya zo da gwajin ya daina aiki yadda aka tsara shi. Mai gwaji na gaskiya zai rubuta wannan a rahotonsa.

Na biyu shi ne gwajin Raven, wanda John Raven ya fitar a Ingila a 1938. Babu magana a cikinsa sai 'yar bayanin farko, wadda za a iya yi da Hausa ko Fulatanci. Kowane shafi zane ne da aka cire wa yanki ɗaya, a ƙasa ga guntaye shida ko takwas, yaro ya nuna wanda zai cike gurbin. Na gama-gari yana da tambaya 60, mai launi na ƙananan yara yana da 36. Yana da sauƙin bayarwa, ba ya ɗaukar lokaci kamar WISC, ana ma iya ba aji guda a zama ɗaya. Abin da yake nema shi ne ɓangaren Cattell na farko, tunani kan abin da ba a koya maka ba. Ga yaron da Faransancinsa bai nuna ba, wannan ya fi WISC adalci nesa ba kusa ba.

Sai dai a daina cewa ba ruwansa da al'ada, don ba gaskiya ba ne. James Flynn ya nuna a shekarun 1980 cewa makin basira yana ta hawa a ƙasashe da yawa, kimanin maki 3 a duk shekara goma, kuma hawan ya fi yawa a irin gwajin Raven. Samarin Holan da ake gwadawa don aikin soja sun ƙaru da kusan maki 20 tsakanin 1952 da 1982. Jinin mutanen bai canza a shekara talatin ba. Makaranta ce ta yawaita, abinci ya inganta, ido ya saba da zane da jadawali. Wani babban nazari da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka wallafa a 2018 ya nuna kowace shekara guda ta ƙarin makaranta tana ƙara maki 1 zuwa 5. Yaron da bai saba da littafin hotuna ba, bai san cewa ana bin zane layi-layi ana neman doka a cikinsa ba, zai yi tuntuɓe a shafukan farko ba don kansa ya gaza ba.

Robert Serpell ya nuna wannan a fili a 1979. Ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi siffofi ta hanya uku. Da fensir da takarda, 'yan Ingila suka fi. Da lanƙwasa waya, 'yan Zambiya suka fi. Da yumɓu, wanda duka suka saba da shi, suka yi kunnen doki. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yaranmu suna ƙera mota da waya da murfin kwalba, har da sitiyari mai juya tayoyin gaba da dogon kara, ya san irin tunanin da ke cikin aikin. Nakasar Raven ta biyu ita ce lamba ɗaya tak yake bayarwa. Zai iya gaya maka tunanin yaro lafiya lau, amma ba zai gaya maka me ya hana shi karatu ba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai KABC, na Alan Kaufman da matarsa Nadeen, wanda ya fito a 1983, aka sabunta shi a 2004, na shekara 3 zuwa 18. An tsara shi da niyyar rage nauyin harshe, yana barin mai gwaji ya koya wa yaro yadda aikin yake a misalan farko, kuma ana iya ajiye ɓangaren tarin ilimi gefe a fitar da maki ba tare da shi ba. Masu bincike sun yi amfani da shi a Yuganda wajen bin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Inda aka sami wanda ya ƙware a kansa, ni shi nake fifitawa a kan WISC ga yaro mai harshe da yawa. Matsalar teburin maki na waje dai tana nan, kuma masu yin sa ba su kai masu WISC yawa ba.

Akwai wata hanya da ba ta da suna a bakin mutane, amma ita ta fi amsa tambayar da ke zuciyar uba. Uban ai ba lamba yake nema ba, so yake ya san ko yaron zai koya idan aka koya masa. Hanyar ita ce a gwada, a koyar, a sake gwadawa. Tushenta tunanin Lev Vygotsky ne na Rasha, wanda ya ce a dubi abin da yaro zai iya da ɗan taimako, ba abin da zai iya shi kaɗai kawai ba. Reuven Feuerstein ya gina hanyar a aikace lokacin da yake aiki da yaran da suka yi ƙaura daga Arewacin Afirka, waɗanda gwajin da aka saba ya nuna kamar ba su da ƙwaƙwalwa. Robert Sternberg da abokan aikinsa sun gwada ta da 'yan makaranta a yankin Bagamoyo na Tanzaniya, suka ga ɗan gajeren koyarwa ya ɗaga makin yaran sosai, har jerin wanda ke gaba da wanda ke baya ya sauya. A aikace abin ba wuya: an ba yarinya shafin zane ta kuskure, sai mai gwaji ya ce, "Duba layin sama, me ke ƙaruwa?" Ta duba, ta gane, aka kawo sabon shafi mai irin dokar, ta yi shi ita kaɗai. Wani yaron kuma sai an nuna masa sau huɗu, gobe a sake daga farko. Da farko makinsu ɗaya ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Raunin hanyar shi ne ta dogara ƙwarai da gwanintar mai yin ta, kuma ba ta fitar da lambar da hukuma za ta karɓa a takarda.

Sauran biyun da za ka ci karo da su a intanet ra'ayoyi ne, ba gwaji ba. Howard Gardner na jami'ar Harvard ya ce a 1983 basira iri bakwai ce: ta harshe, ta lissafi, ta siffa da wuri, ta sauti da kiɗa, ta sarrafa jiki, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai, daga baya ya ƙara ta sanin halittu da tsirrai. Maganar tana sanyaya zuciyar iyaye, kuma ta sa malamai da yawa sun daina kallon yaro ta taga ɗaya. Na yaba mata a nan. Amma babu ingantaccen gwaji da ya tabbatar da cewa waɗannan takwas ɗin kowace zaman kanta take, kuma tambayoyin da ake cikewa a waya, a ce maka ɗanka mai basirar kiɗa ne, ra'ayinka ne kawai aka maido maka. Kada a biya kuɗi a kansu, kada kuma a fasa neman dalilin rashin karatu saboda su.

Sternberg a 1985 ya raba basira uku: ta nazari, ta ƙirƙira, da ta iya zaman duniya. Ta ukun ce ta fi kusa da mu. A yammacin Kenya ya auna sanin da yaran Luo suka yi wa magungunan gargajiya, ya ga waɗanda suka fi sanin su ba su ne suka fi maki a gwajin kalmomi irin na makaranta ba, sau da yawa ma akasin haka. A birnin Recife na Burazil, wani nazari na 1985 ya sami yara masu talla suna lissafi daidai a wurin ciniki, su kasa irinsa a takarda. Mu wannan kullum muna gani. Yarinya ce da farantin ƙosai, an sayi na dala 15 (dala ɗaya sefa 5 ce), an miƙa mata dala 100, kafin mai saye ya rufe baki ta ƙirgo masa dala 85. Rubuta mata wannan lissafin da sefa, 500 a cire 75, a allon aji, ka tambaye ta da Faransanci, sai ta sunkuyar da kai. Haka almajirin da ya riƙe izu goma a ka. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi bincike a cikin mutanen Vai na Laberiya, suka ga masu karatun Alƙur'ani sun fi sauran iya riƙe jerin kalmomi da ake ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, wato daidai irin aikin da hadda ta horar da su. Kowane horo yana kaifafa abin da ya taɓa. Haddar hujja ce babba cewa yaron yana koyo, ko da ba ta nufin lissafi zai zo masa a sauƙaƙe.

Ɗan ƙasarmu marigayi Bame Nsamenang, masanin halayyar ɗan Adam daga yankin Nso na Arewa maso Yammacin Kamaru, ya daɗe yana rubutu cewa iyayen Afirka da aike da rainon ƙanne da riƙon amana suke gane hankalin yaro. Wannan ba ya cin karo da likitanci. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce ba a cewa yaro yana da naƙasar fahimta don makinsa ya yi ƙasa da 70 kawai, sai an ga yana kuma kasa tafiyar da harkokin yau da kullum irin na tsaransa. Don haka shaidar uwa tana cikin awon. Idan Hajiya ta ce tana aikensa kasuwa da saƙo uku ya dawo da su cif da canji daidai, mai gwajin da bai rubuta wannan ba bai gama aikinsa ba.

Kafin duk wannan, a fara da asibiti. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kuma yana barin yara da raunin ji wanda ba a lura da shi sai an kai su aji mai mutum tamanin, an zaunar da su a baya. A duba kunne, a duba ido. A duba ƙarancin jini da tsutsar ciki, a tuna ko ya taɓa zazzaɓi mai suma ko farfaɗiya. Ƙarancin sinadarin aidin a abinci yana taɓa ƙwaƙwalwa tun daga ciki, gubar dalma ma haka, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010. Yaron da ke zuwa aji ba karin kumallo ma ba a auna shi a ranar.

Ga yadda zan zaɓa in ni ne. Idan yaron bai wuce ajin CE1 ba, wato aji uku na firamare, Faransancinsa kuma bai zauna ba, ban ga amfanin WISC ba tukuna. A yi Raven mai launi, a yi masa bayani da harshen gida, a bi shi da gwaji irin na koyarwa, a kuma zauna da uwa da malamin allo a ji ta bakinsu. Idan ya yi kyau a nan amma karatu ya ƙi, to matsalar ta karatu ce ko ta harshe, sai a gwada shi a kan haruffa da sautuka kai tsaye, a nema masa mai koya masa a gida. Idan ya kai CM1, wato aji biyar, ko ya shiga sakandare, yana magana da rubutu da Faransanci ba tare da tsayawa fassara ba, kuma ana son sanin takamaiman inda yake tuntuɓe, WISC ko KABC sun cancanci kuɗin mota, don ƙwararrun sun fi yawa a Yawunde da Duwala. Jami'in ba da shawara na makarantar sakandare zai iya nuna hanyar wanda za a gani. Idan kuwa yaron ya makara wajen tafiya da magana, yana kasa abin da ƙannensa ke yi a gida, a haɗa likitan yara da cikakken gwaji, kada a tsaya jiran ya girma.

Duk wanda aka zaɓa, a nemi rahoto a rubuce wanda ya faɗi harshen da aka yi gwajin da shi, da ƙasar da aka ɗauko teburin maki, da makin kowane ɓangare daban. A nemi a rubuta tazarar kuskure, don kowace lamba tana iya hawa ko sauka da kimanin maki 5, wanda ya sami 72 da wanda ya sami 68 ba lallai a ce akwai bambanci tsakaninsu ba. A nemi shawarwari na aiki waɗanda malamin aji zai iya bi da allo da alli. Kada a karanta wa yaro lambarsa, kada a faɗe ta a gaban 'yan'uwansa. In an so maimaita gwaji iri ɗaya, a bari aƙalla shekara ta zagayo, don yaro yakan tuna tambayoyin, makin ya hau ba tare da wani abu ya canza ba.